Yadda Ake Fitar da Girman Bututun Iska a Gini

Bututun iska shi ne hanyar da iska ke bi daga fanka zuwa ɗakunan gini, ko daga ɗakunan zuwa waje idan janye ta ake yi. Girman da aka ba shi ranar da ake zane shi ne zai tabbatar da abubuwa uku da masu amfani da ginin za su zauna da su shekara da shekaru: ko iska za ta isa kowane ɗaki gwargwadon buƙatarsa, ko za ta riƙa gurnani a saman silin, da kuma yawan wutar lantarkin da fanka za ta riƙa sha. Da zarar an rufe silin an yi fenti, sauya bututu ya zama aikin rushe-rushe, saboda haka ya fi kyau a daɗe a kan takarda tun kafin a yanka falle ɗaya na kwano.

Dalilin da ya sa aikin ba ya yiwuwa da kintace shi ne, ƙaramin ragi a faɗin bututu yana jawo babbar wahala ga fanka. Idan yawan iskar da ke bi bai canza ba, aka rage dayamitar bututu, wato faɗin bakinsa ta tsakiya, da kashi 10 cikin 100 kacal, matsin da ake asara a kowace mita yana ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin 100, idan kuwa aka raba dayamitar biyu, asarar tana ninkawa wajen sau 30. Wanda ya matse bututu don ya shige ƙarƙashin bim, wato ginshiƙin da ke kwance a saman gini, ko don ya rage kwanon da zai saya, bai san cewa ya ɗora wa fanka wannan nauyin ba sai ranar da aka kunna ta.

Ma'aunai huɗu ne za a yi ta juyawa a wannan lissafi. Yawan iska, wanda ake rubutawa Q, ana auna shi da lita a daƙiƙa ko kubik mita a daƙiƙa, kuma lita 1,000 ita ce kubik mita 1. Gudun iska, V, da mita a daƙiƙa ake auna shi. Girman bakin bututu, A, da murabba'in mita. Matsi kuwa da faskal, wanda ake taƙaitawa Pa. Ukun farko a ɗaure suke da ƙa'ida ɗaya, wato Q = A × V. Wanda ke aiki da littattafan Amurka zai ci karo da CFM da kuma incin ruwa. CFM 1 daidai yake da lita 0.472 a daƙiƙa, incin ruwa 1 kuma kusan Pa 249 ne.

Mataki na farko: a san yawan iskar da kowane ɗaki ke buƙata

Daga ɗaki ake fara lissafi, fanka ce ke zuwa a ƙarshe. Buƙatar ɗaki tana fitowa ta fuska uku, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ake ɗauka.

Ta farko ita ce sabuwar iskar da mutane za su shaƙa. Ƙa'ida mai lamba 62.1 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyaya gini ta Amurka, ta tanadi lita 2.5 a daƙiƙa ga kowane mutum a ofis, a ƙara da lita 0.3 ga kowane murabba'in mita na daɓen ɗakin, a Birtaniya kuma an saba amfani da lita 10 ga kowane mutum. Ta biyu ita ce sau nawa ake son iskar ɗakin ta sauya gaba ɗaya a cikin awa, kuma da ita aka fi aiki a banɗaki, ɗakin ajiya da wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin mita 6 da tsayin mita 3 yana ɗauke da kubik mita 180 na iska. Idan ana son ta sauya sau 6 a awa, ana buƙatar kubik mita 1,080 a awa, a raba da 3.6 a sami lita 300 a daƙiƙa.

Ta uku ita ce sanyayawa. A nan ana raba zafin da za a kwashe daga ɗakin, a kilowat, da 1.2 da aka ninka da bambancin zafi tsakanin iskar ɗakin da iskar da ake hurowa. Idan zafin kilowat 3.6 ne, ana son ɗakin ya tsaya a digiri 24, iskar kuma tana fitowa a digiri 14, to 3.6 a raba da 12 ya ba da kubik mita 0.3, wato lita 300 a daƙiƙa. A lura da tazarar da ke tsakani: wannan ɗakin mai murabba'in mita 60, idan mutum 6 ne a ciki, sabuwar iskar da yake buƙata a ƙa'idar ASHRAE lita 33 ce kawai, alhali sanyayawa na neman lita 300. Wanda ya rikita biyun zai yi bututun da ya gaza ko ya wuce kima kusan sau tara.

Ita lambar 1.2 ta fito ne daga nauyin iska, kilogiram 1.2 a kowace kubik mita, a zafin digiri 20 kusa da matakin teku. A wuri mai tudu kamar mita 1,500 sama da teku, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 15 cikin 100, don haka dole a ƙara yawan iskar kafin ta kwashe zafi iri ɗaya.

Mataki na biyu: a zana hanyar, a raba ta sassa

A kan taswirar ginin, a ja layi ɗaya daga fanka zuwa kowane bakin da iska za ta fito, a bi hanya mafi gajarta kuma mafi ƙarancin lanƙwasa. Kafin a amince da layin, a tabbatar da ainihin sararin da ke tsakanin silin da kankaren da ke samansa, a san inda bim ya sauko da inda bututun ruwa da wayoyin wuta suka ratsa, domin su ne za su tilasta gwiwoyin da ba a shirya musu ba. Duk inda reshe ya fita, sabon sashe ya fara, kuma kowane sashe a rubuta masa tsawonsa da yawan iskar da ke bi ta cikinsa. Ana tara yawan iskar ne daga baki na ƙarshe ana dawowa wajen fanka.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi har ƙarshe. Ofisoshi huɗu ne a jere, na kusa da fanka yana buƙatar lita 300 a daƙiƙa, biyu na tsakiya lita 250 kowanne, na ƙarshe lita 200. Sashe na farko na babban bututu, mai tsawon mita 10, zai ɗauki lita 1,000. Na biyu, mita 8, lita 700. Na uku, mita 8, lita 450. Na huɗu, mita 6, lita 200.

Mataki na uku: a zaɓi hanyar lissafi

Hanyoyi uku ne suka shahara, kuma kowace tana riƙe abu ɗaya ta bar sauran su biyo baya.

Mafi sauƙi ita ce hanyar gudu. Mai zane ya zaɓi gudun da iska za ta yi a kowane sashe, yana rage shi sannu a hankali daga fanka zuwa rassa, sannan ya fitar da girman baki da A = Q ÷ V. Littattafan fannin sun ɗan bambanta a kan iyakokin, amma ba su yi nisa da juna ba: a gidajen zama babban bututu yakan tsaya tsakanin mita 3 da 5 a daƙiƙa, a ofisoshi tsakanin 5 da 7, rassan ofis tsakanin 3 da 4.5, a masana'antu kuma, inda ƙarar injina ta riga ta rufe ta iska, ana kaiwa mita 10 ko fiye. Ɗakin kwanan marasa lafiya da ɗakin ɗaukar murya suna buƙatar ƙasa da abin da ofis ke jurewa.

A sashenmu na farko, idan aka zaɓi mita 6 a daƙiƙa, kubik mita 1.0 a raba da 6 ya ba da murabba'in mita 0.167. Don a sami dayamitar bututu zagayayye, a ninka wannan da 4, a raba da 3.142, a ɗauki tushensa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, sai a sami mita 0.461. Babu mai ƙera bututu mai milimita 461. Girman da ake ƙerawa a ƙa'idar Turai ta EN 1506 sun haɗa da 100, 125, 160, 200, 250, 315, 355, 400, 450, 500, 560 da 630, don haka sai a ɗauki 450, a sake lissafa gudun na gaskiya, wanda ya zama mita 6.3 a daƙiƙa. Wannan komawa baya a sake lissafi bayan an zaɓi girman kasuwa wajibi ne a kowane sashe, domin gudun gaskiya ne zai shiga duk lissafin da ke gaba.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta faɗin komai game da matsi, ta dogara kacokan ga ƙwarewar mai zaɓen gudun. Amma akwai wurin da babu wadda ta kama ƙafarta, wato bututun da ke janye ƙura ko hayaƙi. A can gudun ne ke ɗauke da dattin, idan ya ragu dattin ya kwanta ya toshe bututun, wani lokaci har ya zama makamashin gobara. Hayaƙin walda yana buƙatar mita 10 zuwa 13 a daƙiƙa, ƙurar masana'anta ta yau da kullum kuma wajen mita 18 zuwa 20, kuma ba a yarda gudun ya sauka ƙasa da haka a kowane sashe ba. A irin wannan aiki, ƙara girman bututu da sunan yin taka-tsantsan kuskure ne.

Ta biyu ita ce hanyar daidaita gogayya, kuma ita aka fi amfani da ita a ofisoshi, shaguna, makarantu da gidaje. Iska tana gogar bangon bututu yayin da take tafiya, gogayyar nan tana cin matsi, kuma ana auna cin da faskal a kowace mita. A wannan hanya ana zaɓar adadi ɗaya a riƙe shi a dukkan sassa, galibi tsakanin Pa 0.8 da 1.0 a mita. Adadin da Amurkawa suka saba da shi, incin ruwa 0.1 a kowace ƙafa 100, kusan Pa 0.8 ne a mita. Asalin lissafin shi ne ƙa'idar Darcy da Weisbach tare da ta Colebrook ta 1939, amma ba a buƙatar warware su da hannu. Akwai jadawalin gogayya a littattafan ASHRAE da na CIBSE, ƙungiyar injiniyoyin fannin ta Birtaniya, akwai faifan kwali mai juyawa irin Ductulator na kamfanin Trane, akwai kuma manhajoji na kwamfuta da na waya. A kan jadawalin, ana neman yawan iska a gefe ɗaya, adadin gogayya a ɗaya gefen, inda layukan biyu suka haɗu nan ake karanta dayamita da gudu.

Mu ɗauki Pa 0.9 a mita. Lita 1,000 a bututun 450 tana asarar kusan Pa 0.91 a mita, daidai da abin da ake nema. Lita 700 a bututun 400 tana gudun mita 5.6, asararta 0.83. Lita 200 a bututun 250 tana gudun mita 4.1, asararta 0.84. Sashe na uku ne ke da wuyar sha'ani, domin lita 450 ta faɗa tsakanin girma biyu: a bututun 315 gudun mita 5.8 ne kuma asarar ta kai 1.19, a bututun 355 gudun mita 4.5 ne asarar kuma 0.66. Jadawali ba zai yanke wannan hukunci ba, mai zane ne zai yanke. Ni 355 zan ɗauka, domin sashen yana kan hanyar da ke kaiwa ofis mafi nisa, kuma duk faskal ɗin da aka ƙara a kan wannan hanya fanka ce za ta biya shi dare da rana. Da a ce gajeren reshe ne kusa da fanka, inda matsi ya riga ya yi rara, da ƙaramin ya fi dacewa matuƙar gudunsa bai kai na ƙara ba. Rassan ofisoshin uku na farko kuwa 315 ya ishe su, gudun zai tsaya a mita 3.9 ga mai lita 300 da mita 3.2 ga masu lita 250.

Kyawun wannan hanya shi ne gudu yana raguwa da kansa yayin da ake nisa da fanka, daga 6.3 zuwa 4.1 a misalinmu, ƙara kuma tana raguwa tare da shi. Aibinta shi ne ba ta la'akari da tsawo. Reshe mai mita 3 da hanya mai mita 32 duk adadi ɗaya ake ba su, saboda haka ɗakin kusa zai sami iska fiye da kima, na nesa ya rasa, sai an sa damfa, wato farantin da ke rage ko buɗe hanyar iska a cikin bututu, an daidaita.

Jadawalin nan na bututun kwano mai santsi ne, wanda kaushin cikinsa bai wuce milimita 0.09 zuwa 0.15 ba. Bututun roba mai lanƙwasuwa, wanda waya ke zagaye a jikinsa, asararsa ta fi haka nesa ba kusa ba, musamman idan an bar shi a takure ko ya yi ciki tsakanin marataya biyu. A taƙaita shi ga haɗin ƙarshe zuwa bakin fitar iska, kada ya wuce mita 1.5, kuma a miƙe shi sosai.

Ta uku, hanyar maido da matsi, sai an fahimci cewa matsin da ke cikin bututu iri biyu ne. Akwai tsayayyen matsi, wanda ke tura bangon bututu ta kowane gefe kuma shi ke fitar da iska ta bakuna. Akwai kuma matsin gudu, wanda iska ke ɗauke da shi saboda tafiyarta, ana samunsa ta ninka gudu da kansa a ninka da 0.6. Idan iska ta rage gudu, kamar bayan reshe ya ɗauke wani kaso, wani ɓangare na matsin gudun yana komawa tsayayyen matsi. Dabarar ita ce a zaɓi girman sashe na gaba yadda abin da ya dawo zai biya abin da gogayya za ta ci a sashen, sai kowane reshe ya tarar da tsayayyen matsi iri ɗaya a bakinsa.

A misalinmu, matsin gudu a sashe na farko Pa 23.7 ne. Idan sashe na biyu 400 ne, nasa 18.6 ne, bambancin 5.1. Ba duka ke dawowa ba, an saba ƙiyasta kashi 75 cikin 100 idan mahaɗar ta yi kyau, wato Pa 3.8, alhali gogayyar mita 8 za ta ci Pa 6.6. Bai biya ba. Idan aka bar sashen a 450, gudun zai sauka zuwa mita 4.4, matsin gudu 11.6, abin da zai dawo kusan Pa 9, gogayya kuma 3.7 kawai, ya biya har da rara. Amsar tana tsakanin 400 da 450, kuma haka za a yi ta gwadawa a kowane sashe, shi ya sa yau kwamfuta ake bar wa aikin. Hanyar tana haifar da manyan bututu a ƙarshen layi, kwano ya fi yawa, amma fanka tana samun sauƙi. Amfaninta yana fitowa ne a dogayen layuka masu gudu sosai da bakuna da yawa, irin na filin jirgin sama ko babban zauren taro. A ƙaramin tsari mai gudun mita 5 ko 6, abin da ke dawowa bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma hanyar T, wadda Tsal da abokan aikinsa suka wallafa a 1988, mai neman girman da zai rage jimillar kuɗin ƙerawa da na wuta a tsawon rayuwar tsarin. Ita ma aikin kwamfuta ce. Ga mafi yawan gine-gine, shawarata ita ce a yi aiki da hanyar daidaita gogayya, sannan a duba gudun kowane sashe a tabbatar bai ƙetare iyakar ƙara ba.

Mataki na huɗu: idan zagayayyen bututu ba zai shiga ba

Zagayayyen bututu ya fi kowanne: kwanonsa ya fi kaɗan, gogayyarsa ta fi ƙanƙanta, ya fi ƙarfi, kuma ya fi sauƙin toshe yoyo. Sai dai sararin saman silin ba kullum yake ɗaukar milimita 450 ba, sai a koma mai kusurwa huɗu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a daidaita girman baki kawai. Bututu mai kusurwa huɗu yana da bango mafi yawa da iska za ta goga, don haka dole bakinsa ya fi na zagayayyen girma kafin asararsu ta zo ɗaya. Ana amfani da ƙa'idar da Huebscher ya fitar a 1948, wadda aka mayar jadawali a littattafan fannin: De = 1.30 × (a × b)^0.625 ÷ (a + b)^0.25, inda a da b su ne gefuna biyu, De kuma dayamitar zagayayyen bututun da ya yi daidai da shi.

Bututu mai 600 da 300 daidai yake da zagayayye mai 457, don haka zai maye gurbin namu. Bakinsa murabba'in mita 0.18 ne, na zagayayyen 0.159, kewayensa kuma mita 1.8 maimakon 1.41, ƙarin kwano na kashi 27 cikin 100 ke nan. Idan aka ƙara shimfiɗa shi zuwa 1,000 da 200, daidai yake da 454, amma kewayen ya kai mita 2.4, ƙarin kashi 70 cikin 100, ga faffaɗan bangon da zai riƙa kaɗawa yana ƙara idan ba a ƙarfafa shi ba. Saboda haka ake son dogon gefe kada ya ninka gajeren fiye da sau 4. Idan za a shimfiɗa abin rage ƙara ko na tare zafi a cikin bututun, girman da aka lissafa shi ne sararin da ya rage bayan shimfiɗar, sai a ƙara kaurinta a kan awon da za a ba maƙeri. Kaurin kwanon da tazarar ƙarfafawa kuwa suna cikin ƙa'idojin SMACNA na Amurka da DW/144 na Birtaniya.

Mataki na biyar: gwiwoyi, mahaɗai da hanya mafi wahala

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kowace gwiwa, mahaɗa, ko wurin da bututu ya ƙaru ko ya ragu yana da lambar asara, K, kuma asararsa ita ce K a ninka da matsin gudu na wurin. Gwiwa mai lanƙwasa a hankali, wadda radiyon lanƙwasarta, wato nisa daga cibiyar lanƙwasar zuwa tsakiyar bututun, ya kai dayamitar bututun, lambarta wajen 0.25 ce, idan radiyon ya kai dayamita ɗaya da rabi tana sauka zuwa wajen 0.15. Gwiwa mai kaifin kusurwa wadda ba a sa mata faranti masu juya iska a ciki ba, lambarta kusan 1.2 ce.

A duba abin da wannan ke nufi a sashenmu na farko, inda matsin gudu yake kusan Pa 24. Gwiwa mai kyau za ta ci Pa 6. Mai kaifi za ta ci kusan Pa 29. Gogayyar dukkan miƙaƙƙen bututun kuwa, daga fanka har ofis na ƙarshe, 9.1 da 6.6 da 5.3 da 5.0 ce, jimilla Pa 26. Gwiwa ɗaya da aka ƙera da ganganci ta fi mita 32 na bututu cin matsi. Mai zanen da ya kwana yana tantance 315 da 355 amma ya bar siffar gwiwoyi ga ra'ayin wanda ke haɗawa a wurin aiki, ya bar babban abu ya kama ƙarami. A rubuta siffar kowace gwiwa a kan zane. Haka nan inda bututu zai ƙara girma, a buɗe shi a hankali, kusurwar kada ta wuce digiri 15, inda zai ragu kuma kada ta wuce 30, reshe kuma ya fita a karkace ko a faɗaɗa bakinsa a kusurwar digiri 45.

Daga nan sai a nemo hanya mafi wahala, wato wadda jimillar asararta ta fi ta kowace daga fanka zuwa baki. Sau da yawa ita ce mafi tsawo, amma gajeriyar hanya mai gwiwoyi da yawa tana iya fin ta, don haka a lissafa duk wadda ake zargi. A misalinmu, mu ce akwai gwiwoyi biyu masu kyau a sashe na farko, Pa 12, da ɗaya a sashe na huɗu, kusan Pa 3. Mu ƙiyasta wucewa ta mahaɗai uku a Pa 9, bakin fitar iska kuma Pa 20, adadin da a aikin gaske daga takardar kamfanin da ya ƙera bakin ake karanta shi. Idan aka haɗa da 26 na gogayya, hanyar ofis na ƙarshe ta ci Pa 70. Ba a tara asarar sauran rassan a kai, domin iska tana bin su ne a lokaci guda, fankar da ta iya da mafi wahala ta iya da saura.

A ƙara asarar ɓangaren da iska ke dawowa, mu ce Pa 50, sai ya zama 120, a ɗora rarar kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a rasa ba wajen haɗawa, a nemi fanka mai ba da lita 1,000 a daƙiƙa a kan matsin kusan Pa 130. A karanta takardar na'urar da kyau a gane ko matsin da aka rubuta ya riga ya cire na matatar iska da na kwayil ɗin sanyi, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iskar. Idan bai cire ba a ƙara su, kuma matata a lissafa ta a halin da ta yi datti. Kada rarar ta wuce kima, domin wutar da fanka ke sha tana tafiya da saurin juyawarta ninki uku a kan kansa: ƙarin kashi 10 cikin 100 a juyawa yana jawo ƙarin kashi 33 a wuta. A bar miƙaƙƙen bututu mai tsawon aƙalla dayamita biyu da rabi a bakin fanka kafin gwiwar farko, in ba haka ba fankar ba za ta ba da abin da aka rubuta a takardarta ba.

Mataki na shida: daidaitawa da awo

Hanyar ofis na farko, idan aka tara sashe na farko da gwiwoyinsa biyu, da shiga reshe wajen Pa 8, da mita 3 na reshen, da bakin fitar iska, ba ta wuce Pa 51 ba. Rarar Pa 19 ke nan idan aka kwatanta da ta ofis na ƙarshe, kuma damfar reshen ce za ta cinye ta. A sa damfa a kowane reshe, kusa da inda ya bar babban bututu, nesa da bakin fitar iska, domin damfar da aka matse tana yin shewa, kuma gara shewar ta mutu a cikin bututu kafin ta iso ɗaki. A bar ƙofar dubawa a silin daidai wurinta.

Kafin a rufe bututun da abin tare zafi, a shafe dukkan haɗe-haɗe da manne na musamman, saboda iskar da ta zube a saman silin fanka ta riga ta yi wahalarta amma ba ta isa kowa ba. Bayan an kunna, a buɗe dukkan damfofi, a auna gudun a babban bututu da bututun Pitot, wato siririn bututun auna gudun iska, da ma'aunin matsi, a wuri miƙaƙƙe nesa da gwiwa, a wurare da dama a faɗin bakin, domin iskar tsakiya ta fi ta gefe gudu. A ninka matsakaicin gudun da girman baki a sami yawan iska na gaskiya. Sannan a auna kowane baki, a bar damfar hanya mafi wahala a buɗe gaba ɗaya, a riƙa matse sauran har kason da kowane ɗaki ke samu na buƙatarsa ya zo ɗaya. Matse damfa ɗaya yana canza abin da saura ke samu, don haka sai an zagaya fiye da sau ɗaya. Idan rabon ya daidaita, a gyara saurin fanka har jimillar ta kai lita 1,000, kuma akasarin ƙa'idojin aiki suna karɓar bambancin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a kowane baki. A ɗaure hannun kowace damfa, a yi masa alama da fenti a inda ya tsaya, a rubuta awon kowane baki a kan zanen da za a miƙa wa masu kula da ginin.